Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Kano da Jidda

Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Kano da Jidda shi ne tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ke Najeriya da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda a ƙasar Saudiyya. Idan aka auna ta hanya mafi gajarta a kan doron ƙasa, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,420, daidai da mil 2,130, ko mil na teku 1,850. Jirgin fasinja da ya tashi kai tsaye ba tare da yada zango ba, idan ya bi ta sararin samaniyar Sudan, yakan yi wannan tafiya cikin kimanin awa huɗu da rabi. Hanyar tana cikin muhimman hanyoyin sama na Afirka ta Yamma, domin ita ce maniyyata aikin Hajji da Umara da 'yan kasuwa daga arewacin Najeriya suka fi bi.

Adadin kilomita 3,420 lissafi ne na taswira, ba ya canzawa. Nisan da jirgi yake ci a zahiri kuwa yakan ɗara haka, gwargwadon hanyar da hukumomin sufurin sama suka shata, da yanayin iska, da halin tsaro a ƙasashen da ke tsakani. Kusan kashi biyu cikin biyar na hanyar a sararin samaniyar Sudan yake, saboda haka duk abin da ya faru a Sudan yakan shafi tsawon tafiyar da kuɗinta.

Filayen jiragen biyu

Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan latitud digiri 12.05 arewa da longitud digiri 8.52 gabas, kuma yana da tudun kimanin mita 476 daga matakin teku. Shi ne filin jirgin sama mafi daɗewa a Najeriya. Alamarsa a tikiti da jakunkuna ita ce KAN.

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewa da birnin Jidda, a gaɓar Bahar Maliya, kan latitud digiri 21.68 arewa da longitud digiri 39.16 gabas. An buɗe shi a shekarar 1981, alamarsa kuma JED. Yana da sashe na musamman don alhazai, mai rufi irin na tantuna, wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1983. Birnin Makka ba shi da filin jirgin fasinja, shi ya sa Jidda ta zama ƙofar shigarsa ta sama, kamar yadda ta daɗe tana zama ƙofarsa ta ruwa. Daga filin jirgin zuwa Masallacin Harami akwai kusan kilomita 100 a mota. Jirgin ƙasa mai gudu na Haramain, wanda aka ƙaddamar a 2018, yana da tasha a filin jirgin, kuma yana haɗa Makka da Jidda da Madina.

Yadda ake auna nisan

Da yake duniya mulmulalliya ce, layin da aka ja da rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ba lallai ne ya zama hanya mafi gajarta ba. Masana labarin ƙasa suna amfani da abin da ake kira babbar da'ira, wato da'irar da ta zagaye duniya ta raba ta gida biyu daidai wa daida. Guntun wannan da'ira da ya haɗa wurare biyu shi ne hanya mafi kusa a tsakaninsu. Ana iya ganin haka idan aka ɗauki zare aka ja shi tsam a kan ƙwallon taswirar duniya daga Kano zuwa Jidda: inda zaren ya kwanta, nan ne hanyar.

Jidda ta fi Kano kusa da arewa da digiri 9.6, ta kuma fi ta kusa da gabas da digiri 30.6. Idan aka haɗa waɗannan da lissafin kusurwoyi, za a samu cewa kusurwar da ke tsakanin biranen biyu daga cibiyar duniya digiri 30.8 ce. Tazara daga cibiyar duniya zuwa bayanta kimanin kilomita 6,371 ce, don haka kowane digiri ɗaya a kan babbar da'ira yana daidai da kilomita 111.2. Idan aka ninka 30.8 sau 111.2, sai a samu adadin da ya ɗan haura kilomita 3,420. Wannan ya kusa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na zagayen duniya baki ɗaya.

Ana samun ɗan bambanci tsakanin alƙaluman da shafuka daban-daban suke bayarwa. Wasu suna aunawa daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, wasu daga filin jirgi zuwa filin jirgi. Wasu suna ɗaukar duniya a matsayin cikakkiyar ƙwallo, wasu kuma suna la'akari da cewa ta ɗan baje a ƙuryar arewa da ta kudu. Bambancin bai cika wuce 'yan kilomitoci ba. Babban abin da ke kawo ruɗani shi ne ma'auni: mil na ƙasa mita 1,609 ne, mil na teku kuwa, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi, mita 1,852 ne.

Alƙibla da fuskar da jirgi yake dosa

Daga Kano, hanyar Jidda tana farawa ne a kusurwar kimanin digiri 68 daga arewa idan aka juya ta ɓangaren gabas. Tun da gabas sak digiri 90 ne a kamfas, jirgin yana fuskantar gabas ne tare da karkata zuwa arewa da kimanin digiri 22. Alƙiblar salla daga Kano ma kimanin digiri 68 ce, domin da ƙa'idar babbar da'ira ake lissafa ta, kuma Makka da Jidda suna kusa da juna. Duk da cewa Hausawa sukan kira alƙibla da sunan gabas, sahihiyar alƙibla a ƙasar Hausa gabas ce maso arewa. Jirgin da ya bi hanya mafi gajarta daga Kano zuwa Jidda kusan a kan layin alƙibla yake tafiya.

Ƙasashen da layin ya ratsa

Layin ya ratsa ƙasashe huɗu da teku ɗaya kafin ya isa Saudiyya.

A Najeriya, ya bar Kano ya bi ta jihar Jigawa, arewa kaɗan da Haɗeja, ya shiga jihar Yobe ta kusa da Nguru da Gashuwa. Wannan ɓangare bai kai kilomita 400 ba.

A Jamhuriyar Nijar, ya yanki jihar Diffa da ke kudu maso gabashin ƙasar na tsawon kimanin kilomita 200, ya wuce tsakanin garin Diffa da Gigimi, ta arewacin kwarin Tafkin Chadi.

A ƙasar Chadi, ya bi ta yankin Kanem, arewa da garin Mao, ya ratsa hamada har zuwa duwatsun Ennedi a arewa maso gabashin ƙasar. Tsawonsa a nan ya kusa kilomita 1,200.

A Sudan ne layin ya fi tsawo, kimanin kilomita 1,400. Ya shiga ta hamadar arewacin Darfur, ya ƙetare Kogin Nilu arewa kaɗan da garin Dongola, ya ratsa hamadar Nuba da tsaunukan gaɓar teku, sannan ya fita arewa da birnin Port Sudan.

Daga nan sai Bahar Maliya, wadda faɗinta a wannan wuri ya ɗan haura kilomita 200. Jirgi yakan fara sauko da kansa ne tun yana kan tekun.

Jirage ba sa bin wannan layi sak. Akwai hanyoyin sama da aka shata da wuraren da dole matuƙi ya sanar da isowarsa, kuma an kasa sararin samaniya zuwa yankuna, kowane da cibiyar da ke kula da shi. Yankin da ya ƙunshi sararin samaniyar Najeriya sunan Kano yake ɗauke da shi, na Saudiyya kuma sunan Jidda. A tsakaninsu akwai yankin Njamena, wanda hukumar ASECNA take gudanarwa, da yankin Khartum.

Tsawon lokacin tafiya

Manyan jiragen fasinja na zamani suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Da wannan gudu, kilomita 3,420 tafiyar awa huɗu ce. Sai a ƙara lokacin hawa sama da na saukowa, inda gudu yake raguwa, da jiran izinin sauka, wanda kan tsawaita a Jidda lokacin jigilar alhazai. Shi ya sa ake ƙiyasta tafiyar da awa huɗu da rabi ko fiye kaɗan.

Iskar sama tana iya ƙara ko rage mintuna masu yawa. A lokacin sanyi, iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da Larabawa, sai ta tura jirgin da ya nufi Jidda, ta kuma riƙe mai dawowa. A lokacin damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wata iska ce take busowa daga gabas a can sama, daga nahiyar Asiya zuwa Afirka, sai dawowa Kano ta fi sauƙi. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta miladiyya da kimanin kwana 11, watan Zulhajji yana zagaya dukkan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33, don haka yanayin da jigilar alhazai take faɗawa a ciki yana sauyawa daga zamani zuwa zamani.

A ɓangaren Kano, hazo na lokacin hunturu yakan rage nisan da matuƙi yake iya hangowa, wani lokaci har a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi zuwa wani filin. Zafin bazara kuma yana sa iska ta yi sako-sako, sai jirgi mai nauyi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, ko a rage masa kaya.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu, kuma ƙasashen biyu ba sa canza agogonsu a tsakiyar shekara. Wannan ya yi daidai da tafiyar rana: kowane digiri 15 na longitud awa ɗaya ne, don haka digiri 30.6 awa biyu ne da 'yan mintuna. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10:00 na dare ya yi awa huɗu da rabi zai sauka Jidda da ƙarfe 4:30 na asuba agogon can. Wanda ya bar Jidda da ƙarfe 10:00 na safe zai sauka Kano da ƙarfe 12:30 na rana. Duk wanda ya kwatanta lokutan da ke kan tikiti ba tare da cire wannan bambanci ba zai ɗauka zuwa awa shida da rabi ne, dawowa kuma awa biyu da rabi. Saboda wannan dalili ne kuma yini yake gajarce wa mai azumin da ya nufi gabas, ya tsawaita ga mai dawowa yamma.

Hanyoyin yada zango

Idan babu jirgin kai tsaye, matafiya sukan bi ta wani birni su canza jirgi. Jimillar nisan, bisa ma'aunin babbar da'ira, kamar haka take:

Kai tsaye: kimanin kilomita 3,420.
Ta Alƙahira a Masar: kimanin kilomita 3,100 da 1,220, jimilla 4,320.
Ta Addis Ababa a Habasha: kimanin kilomita 3,330 da 1,410, jimilla 4,740.
Ta Doha a Ƙatar: kimanin kilomita 4,750 da 1,330, jimilla 6,080.

Mai bi ta Doha yakan wuce Jidda da nisa sannan ya dawo baya, don haka tafiyarsa ta kusa ninka ta kai tsaye. Kuɗin tikiti bai cika bin nisa kaɗai ba. Yawan masu neman kujera, musamman a watan Ramadan, da gasa tsakanin kamfanoni suna iya sa doguwar hanya ta fi gajera araha.

Kwatanci da wasu birane

Nisan wasu biranen yankin zuwa Jidda, a ƙiyasce:

Njamena: kilomita 2,770.
Maiduguri: kilomita 2,980.
Kano: kilomita 3,420.
Abuja: kilomita 3,690.
Sakkwato: kilomita 3,720.
Yamai: kilomita 4,010.
Legas: kilomita 4,200.

Daga Kano zuwa filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina kuwa kimanin kilomita 3,560 ne, wato ya ɗara na Jidda da kusan kilomita 140. Maniyyatan da aka sauke a Madina sukan ɗauki harama daga baya a miƙatin Zul-Hulaifa idan za su wuce Makka. Waɗanda suka nufi Jidda da niyyar wucewa Makka kai tsaye sukan shirya tun daga gida ko a cikin jirgi, kuma ma'aikatan jirgin sukan yi sanarwa idan an kusa saitin miƙati.

Tarihi

Kafin zuwan jirgin sama, wannan tazara a ƙasa ake cin ta, a ƙafa ko a kan jaki da raƙumi. Tsohuwar hanya tana bi ta arewa, ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira. Daga baya hanyar gabas ta fi karɓuwa: daga ƙasar Hausa zuwa Barno, sai Wadai, sai Darfur da Kordofan, a ƙetare Nilu, a isa tashar Sawakin ko Port Sudan, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Hanyar ta fi layin taswira tsawo ƙwarai, domin tana bin inda ruwa da garuruwa suke, kudu da hamada. Mutane da yawa sukan tsaya a hanya su yi noma ko ƙodago don samun guzuri, har tafiyar zuwa da dawowa ta ɗauki shekaru. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Daga cikinsu ne aka samu al'ummomin Hausawa da Fulani da Barebari da ke zaune a Chadi da Sudan har yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne suka kafa shi ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano sun zo ne daga gabas. A ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka iso daga Helwan kusa da Alƙahira, bayan kwanaki suna tafe suna yada zango a Sudan da Chadi da Maiduguri. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana tsayawa a garuruwa irin su El Obeid, El Fasher, Geneina, Fort Lamy wadda ake kira Njamena a yanzu, da Maiduguri. Jiragen wancan lokaci ba sa iya dogon zango ba tare da shan mai ba, don haka tashoshinsu kusan su ne zangunan tsohuwar hanyar alhazai. A lokacin yaƙin duniya na biyu an bi wannan hanya wajen kai jiragen yaƙi daga Takoradi a Gana zuwa Masar, abin da ya ƙara wa filin jirgin Kano girma.

Bayan yaƙin, manyan motoci suka mayar da tafiyar ƙasa ta zama ta makonni ko watanni. Wajen ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, WAPA, wadda wani yanki na unguwar Fagge ya gaji sunanta. Sannu a hankali jirgin sama ya karɓe jigilar, kuma da zuwan jirage masu injin jet irin su Boeing 707 da DC-8 aka daina buƙatar tsayawa a hanya. Kamfanin Nigeria Airways ya daɗe yana wannan aiki, daga baya kamfanoni masu zaman kansu irin su Kabo Air da Max Air, waɗanda suka kafa cibiyarsu a Kano, suka shigo, tare da na Saudiyya irin su Saudia da Flynas. Tun daga 2006 Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ce ke tsara jigilar maniyyatan Najeriya.

Haɗura

Manyan haɗura biyu suna da alaƙa da jigilar alhazan Najeriya daga Jidda. A ranar 22 ga Janairu 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda zai je Legas aka karkatar da shi zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi. Ya yi haɗari wajen sauka ya kama da wuta, mutum 176 cikin 202 suka rasu. A ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 da zai je Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, sakamakon fashewar tayoyi, ya faɗi yayin da yake ƙoƙarin komawa filin. Dukkan mutum 261 da ke cikinsa suka rasu.

Rufe sararin samaniya a 2023

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ga jiragen farar hula, makonni kaɗan kafin fara jigilar maniyyatan wannan shekara. Sudan ta miƙe daga iyakar Masar a arewa zuwa iyakar Sudan ta Kudu, don haka babu ƙaramin ratse da zai kauce mata. Dole jirgi ya zagaya ta arewa, ta sararin Libiya da Masar, ko ta kudu ya ɓullo ta Habasha. Kowace daga cikinsu tana ƙara ɗaruruwan kilomitoci, da lokaci, da man jirgi. Kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya sun nemi ƙarin kuɗi, aka daidaita a kan dala 250 a kowace kujera.

A watan Agusta na wannan shekara, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hukumomin soja a Nijar su ma suka rufe sararin samaniyar ƙasarsu, aka sake buɗe shi ga jiragen kasuwanci a watan Satumba. Ɓangaren Nijar a hanyar Kano zuwa Jidda gajere ne, kuma ana iya kauce masa ta bi ta saman Maiduguri zuwa Njamena ba tare da ƙarin nisa mai yawa ba.

Duba kuma

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano
Filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz
Aikin Hajji
Alƙibla
Hausawan Sudan
Bahar Maliya